Gyaɗar Yaya Briskila

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Sabon littafi, wancan ya cika da zanen lalle. Da ajami zan ci gaba, shi kaɗai Malam ya koya muna, kuma ko Yaya Briskila ta gani cewa za ta yi kaji sunka yi tsere bisa takarda.

Shago lafiya lau. Amare biyu na yi wa ƙunshi, ita ta yi kitso huɗu. Shekara biyu ke nan muna raba ɗakin nan na Runjin Sambo, ita kai, ni hannu da ƙafa. Abin da ban gane ba, ta bar waƙa. Maccen da ko tsifa take sai ta jawo waƙar cocinsu har masu keke su rage gudu, yau wata nawa tsit. Na sa mata ƙadangaren roba cikin kwandon kayan kitso, ta ɗauke shi ta aje gefe awa cokali. Ba ihu, ba zagi. An cuce ni.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ci gyaɗar da ba ta ciwuwa.

Bayan madubi na iske 'yar kwalba, gyaɗa tara a ciki. Tara! Na ce wagga wace irin rowa ce. Na cinye, na zuba mata tsakuwa tara, na koma ina kwaɓa lalle ina jiran ihu.

Ba ihu ta yi ba. Kuka. Babbar macce, ta rungume kwalba a ƙirji. Na ce Yaya, zan kawo miki tiya guda, ta ce "Bara'atu, fita mini daga ido." Da la'asar ta ɗauki jaka ta tafi.

Tuwo bai shiga ba yau.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ta faɗa mini. Sai da ta sa na rantse, ta kuma ce in na mai da shi abin dariya ta bar shagon har abada.

Bidiyon batsa ne. Ta ce ya kama ta awa taba, kullum in rana ta take kai, shago ba kowa, ni na tafi gida salla, sai ita da waya. Ta gama ta yi kuka ta goge, gobe ta koma. Shi ya sa ta fita daga mawaƙan coci, wai ba ta iya buɗe baki gaban Allah.

Ashe akwai wata tsohuwar nas cikin Zumuntar Matansu, Mama Tabita, can Gidan Dare. Duk Laraba mata biyar ke zama falonta, dukansu ciwo guda. Su yi addu'a, su karanta Littafinsu, kowa ta faɗi gaskiyar makonta, ba mai ɗaga wa wata gira. Kowace rana da ta wuce lafiya, gyaɗa ɗaya cikin kwalba. In sun kai talatin, Yaya ta yi alkawari za ta koma waƙa.

Kwana tara na cinye mata. Ko gishiri babu.

Na ce to ai ba kwanakin na ci ba, gyaɗar ce. Ta jefe ni da kibiyar kitso. Alhamdu lillahi, ta fara dawowa.

Akwai abin da ban faɗa mata ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na gano magani, kuma ba boka ba malam.

Ƙarfe ɗaya na ga tana ta juya waya a hannu, ido ya yi nisa. Na ce Yaya, ara mini hannu in gwada sabon zane. Ta ba ni dama, na ce zanen sai da hagu. Na lafta mata jan lalle har wuyan hannu, na naɗe da leda, na ɗaure tamau, na aje wayar bisa cinyarta na tafi salla.

Na dawo na iske ta zaune awa ɗan dambe, hannu biyu sama, ƙuda na yawo bisa hancinta.

"Ja'ira, Allah ya isa! Sosa mini hanci."

Munka yi dariya har mai shagon ɗinki ya leƙo. Lalle bai kamawa sai ya yi awa biyu, kafin nan la'asar ta yi, mata sun fara zuwa. Gyaɗa goma sha biyu, har da taran da na mayar mata.

Laraba, 15 ga Oktoba

Mama Tabita da kanta ta zo shago, wai sai ta ga likitar da ke ɗaure mutane. Gajeruwa, tabarau da igiya, murya awa ta soja. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kunnena ta ce, "Ke ce maciyar gyaɗa?"

Ta ce lalle ya yi, amma hannu kaɗai yake ɗaurewa, zuciya sai Ubangiji da 'yan'uwa. Ta kawo wa Yaya 'yar ƙaramar waya mai tocila wadda ba ta hawa intanet, ta ce babbar ta zauna a aljihun tebur, makulli a hannuna. In abin ya taso ta kira ɗaya daga cikin matan nan, ko ba ta da abin faɗi.

Ni Bara'atu anka ba makulli. Innata in ta ji sai ta faɗi, ko makullin kaji ba ta ba ni.

Na yi wa Mama fure a bayan hannu. Ta ce rabonta da lalle tun aurenta a Zuru.

Talata, 21 ga Oktoba

Hannun Yaya ya yi jawur har ya koma baƙi-baƙi. Matan coci na tambayar wane ne angon. Na ce ta ce musu Alhaji Gyaɗa ne.

Wata ta zo kitso da azahar ta iske mai kitso a ɗaure. Ni na yi mata tsifa, tana ta "wayyo, 'yar nan, kai ne ba buhu ba."

Ashirin da biyu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ta faɗi.

Jiya Lahadi ba shago. Bayan coci ƙanwarta ta bar waya a caji ta tafi kasuwa. Shi ke nan. Saura kwana uku.

Da safe ta juye kwalbar cikin kwandon shara. Na tsince su ɗaya-ɗaya cikin gashin mutane, ashirin da bakwai, na wanke. Ta ce mi zan yi da su. Na ce ban sani ba. Na dai ce Malam ya sha faɗa muna, Allah bai gajiya da mai tuba, bawa ne ke gajiya da tuba. Ta ce su ma haka.

Ta kira Mama Tabita. Ina jin muryar daga nan: ba a zubar da kwanakin da Allah ya ba ka, a sa su wata kwalbar a aje inda ido ke gani, a fara sabuwa. Ta kuma ce Lahadi daga yanzu a gidanta za ta ci abincin rana.

Yau ban tsokani kowa ba. Rana ta yi tsawo.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ina ɗaure mata leda na faɗa. Gara lokacin da ba ta da hannun duka.

Na ce Yaya, kin tuna bara, bidiyon da na tura miki na rubuta sabuwar waƙar biki? Ni dai so nake in ga kin yi tsalle kin jefar da waya. Shi ne na farko, ko?

Ta ce shi ne.

Na ce kin sani duk wannan lokaci kika bari anka ba ni makulli?

Ta ce, "Ke kika buɗe ƙofa, ni na shiga da ƙafata. Na yafe tun kafin ki ci gyaɗar." Sai ta dube ni. "Ke ina kika samo shi?"

Na ce ai yawo suke a waya, ni don dariya nake kallo.

Ta ce to.

Wannan "to" ɗin bai yi mini ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Don dariya ne mana. Kowa ya san ni.

Sai dai jiya na lura ba na dariyar.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Sha tara. Tana kitso na ji tana gunguni ƙasa-ƙasa, da ta ga na juyo ta mai da shi tari. Na ce Allah ya sawwaƙe, wagga mura har da amshi.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Talatin jiya!

Yau Mama Tabita ta zo da matan nan huɗu, duka sunka miƙo hannu a yi musu lalle, wai shi ne ankonsu. Ban tambayi sunan kowa ba, ba su tambaye ni abin da na sani ba. Sunka yi addu'arsu, na jira a bakin ƙofa ina korar ƙuda. Sannan Yaya ta buɗe baki. Wallahi mai shagon ɗinki sai da ya tsai da keke. Lahadi za ta tsaya cikin mawaƙa.

Na soya tsofaffin ashirin da bakwai ɗin da gishiri, da izini wannan karon. Kowa ta samu uku-uku, na cinye saura, haƙƙin mai suya.

Na nemi ƙadangaren roba na sa cikin jakar Mama Tabita. Ta yi ihu da wani yare. Yaya ta bi ni da tsintsiya har bakin titi. To, yanzu shago ya zama shago.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Rubutun yau ya karkace, yatsu sun yi sanyi cikin leda.

Na dawo salla da wuri. Na ce Yaya, shekara biyu kina kallo, zo ki gwada ko kin koyi wani abu. Ta ce wane hannu. Na ce zanen sai da duka biyu.

Ta karɓi makulli a hannuna. Ta buɗe aljihun tebur, na sa wayata kusa da tata, ta kulle, ta jefa makullin cikin rigarta. Ta ce tana nan, Mama ma tana nan, in kuma malamar unguwarmu na fi so ta raka ni har ƙofa. Na ce wa ya ce miki wani abu, lalle nake so.

Fure ta ce ta zana. Ya fito awa kaza ta taka kashin shanu. Sati uku zan yi da shi, ni mai lalle, mata na gani.

Akwai gyaɗa ɗaya cikin tsohon gwangwanin lalle bayan madubi. Ba ta kowa ba ce. Kada dai wanda ya ci.