Mujallar wasana da kifin Inna

Madarumfa, daren Laraba, damina 1997

Yau Inna ta yage mujallata ta wasannin tele, ta ƙunshe wa mutane soyayyen kifi. Da na yi magana sai ta ce, "Injin wasan ya ƙone tun bara, mi takarda za ta yi maka?"

Gida-gida na bi masu saye, suna ta dariya, wai ƙato da gemu yana farautar takarda. Shafi guda na samo wurin tela, duk mai da yaji. Shi ne mai taswirar gidan dodon ƙarshe, wanda ni da abokina Sani muka kasa kashewa kafin ya tafi ci-rani Legas.

Su yi ta dariya. Ran da Sani ya dawo da sabon inji, zai tarar na san hanya.