Kada Bappa Ya Fita Shi Kaɗai

Adda Huseina,

Na wuce kasuwa kina barci. Bayan asuba Bappa ya fita tattakin da nas ta ce ya riƙa yi saboda hawan jini. Ya dinga zagaya masallacin Luggere da gorar ruwa cikin babbar riga. 'Yan banga suka ga tudu a ƙirjinsa, suka zaci bam ne. Ba don liman ya gane shi ba, wallahi da yanzu gawa muke wankewa.

Ya rantse ba zai ƙara fita ba, kuma nas ta ce zaman ne zai kwantar da shi. Ki lallashe shi, ki raka shi da la'asar. Gorar ki riƙe a hannunki, inda kowa zai gani.

Rilwanu