Sunan da Babu a Bayan Faifai

Litinin, 4 ga Maris

Faifanmu ya fito. Gilang, mawaƙinmu, ya kawo mini nawa har gida yana ta washe baki. Na juya bayansa, sunaye huɗu. Ga nawa nan: Nenden, ganguna. Na san huɗu ne, da ni aka yanke shawarar, amma sai da na sake ƙirgawa. Babu Sekouba.

Ƙwallo ta kawo shi Bandung daga Conakry, gwiwa ta zaunar da shi. Shekara biyu yana koya mini kiɗan garinsu, har muka ɗora jitar Gilang a kai. Waƙa bakwai cikin tara, hannunsa ne a kan gangar fata. Wata biyar ke nan da tafiyarsa. Ya ce, "Nden, kar ki sa sunana. Takardar baƙo gare ni, ba ta aiki ba. In aka gani aka rufe mini ƙofa, ta ina zan dawo miki?" Na yi masa alkawari.

Laraba, 6 ga Maris

Rediyon jami'a sun sa mu sau biyu yau. Ambu, uwata, ta saurara tana yankan albasa. "Kiɗan ba laifi. Shi dogon naki yaushe zai dawo?" Na ce bayan Sallah. Shi ya faɗa.

Asabar, 9 ga Maris

Wirawan Saptadi ya yi sharhi a mujallarsu ta Jakarta. Mutumin da in ya yi tari masu sayar da faifai su kama mura. Wai mu 'yan gata ne masu jita da muka yafa kiɗan Afirka don ado, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wai ko ɗan Afirka guda babu a cikin aikin. Sai ya zo kan waƙa ta huɗu, ya ce da ji ka san mai gangar a bidiyo ya koya, hannunsa bai san ƙasar ba.

Hannun Sekouba ke nan. Kiɗan da kakarsa take rawa da shi.

Na yi dariya har na ƙware, daga nan kuma kuka ya karɓa. Ina kewarsa.

Talata, 12 ga Maris

Masu bikin kiɗa na Yogyakarta sun cire mu daga jerinsu. A ɗakin gwaji Gilang ya hau ni da faɗa, duk da bai daina ce mini Teh ba, wato yaya.

"Teh, ɓarayi fa ake ce mana. Layi ɗaya za ki rubuta, magana ta mutu."

Na ce a bar kaza cikin gashinta.

"Kazarki ce, mu ake figewa. Ke saurayi kike karewa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce duk wanda ya furta sunan ya nemi wata mai ganga. Batagor ɗin da muka saya, soyayyen awara da kifi, ya huce a leda.

Juma'a, 15 ga Maris

Na tura wa Sekouba sharhin. Alama ta nuna ya karanta. Shiru.

Juma'a, 22 ga Maris

Ya kira da la'asar, ina shanya. Ya fara da dariya: "To, ashe a bidiyo na koya." Na yi dariya ni ma. Sai ya ce an ba shi aikin horar da 'yan ƙwallo a can, mahaifiyarsa kuma ƙafa ta hana ta tashi.

"Nden, ki sa sunan."

Na ce ban gane ba. Na gane sarai.

"Ki sa kawai. Ba abin da zai ɓata yanzu."

Na tambaye shi ko akwai wata. Ina jin ƙarar babura a bayansa. "Ba a kai nan ba tukuna."

Tukuna. Kwana goma sha uku ina shan zagi don in bar masa ƙofa a buɗe, ashe ni kaɗai nake tsaye a bakinta.

Lahadi, 24 ga Maris

Ban fita ba. Ambu ta ajiye mini shayi ta ja ƙofa.

Laraba, 27 ga Maris

Na rubuta wa Wirawan. Layi uku, da hoton Sekouba a ɗakin ɗaukar murya.

Litinin, 1 ga Afrilu

Ya sake sharhi. Yanzu waƙa ta huɗu ita ce zuciyar faifan, wai kana jin ƙasar a tafin hannun mai kiɗan. Waƙar nan dai, ko ɗigo ba mu canza ba. Gilang har da rawa, 'yan Yogyakarta sun sake kira. Kowa ya samu abin da yake so.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Za a sake buga bangon faifan, ni na je wurin mai ɗab'i. Na faɗa masa sunan harafi harafi. Ya ɗago ya ce, "Teh, a ina za a sa shi? Cikin 'yan ƙungiya?"

Na ce a'a, ya buɗe sabon layi a ƙasa, ya rubuta baƙo.

Daga nan na wuce gwaji. Ranar Asabar muna da wasa, kuma dole wani ya zauna a kan gangar fatar nan. Na ɗaure ta da kaina. Ta yi mini faɗi, amma na kai ƙarshen waƙar.