Ƙugiyar da Baba Ya Goge

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu ma nan kalau muke.

Maganar da kika kawo, wai Baba ya koma wurinki saboda idonsa, ki bar ta. Ya ce ba inda za shi, ni ma bayansa nake. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, mu ne za mu koya masa gani?

Kin tambayi aiki. Mai kantin da nake wa aiki ya kawo sabon kaya, ƙananan jiragen saman yaƙin ƙasar Sin na wasa, irin masu sauka a kan jirgin ruwa. A kwali suke zuwa, gutsattsarin roba sun fi ɗari biyu, sai ka haɗa da gam ka yi fenti. Shi ko takardar bayanin bai iya riƙewa daidai ba, amma baki kamar shi ya ƙera su. Ni na zauna da ƙamus na karance ta kaf. Ya ce in haɗa ɗaya a sa a gilashin kanti, na kawo gida. Baba ya fito da hantsakinsa da ƙaramin zartonsa, na bar masa gyaran bakin roba. Rabon da ya zauna a teburin aikinsa tun rasuwar Mama.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin maigidan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar Talata na dawo na tarar Baba ya goge ƙasan jirgin sumul. Akwai wata 'yar ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya, siririya kamar tsinke. Ita ke kama igiyar ƙarfe idan jirgi ya sauka, in babu ita sai ya zarce cikin teku. Baba ya shafa ya ji abu ya fito. A agogo kuwa duk abin da ya fito aibi ne, sai ya bi ta da zarto.

Kin san bakina. Na ce masa ko makaho ya san wannan ƙugiya ce. Ya ce in nuna masa ita a takarda. Ya kai takardar har hancinsa, ya nesanta ta, ya juya ta. Sannan ya ce bai ga ƙugiya ba, bai ga wutsiyar ba ma, tun bara da yatsa yake komai.

Jirgin yana gilashin kanti yanzu. Mai kanti bai lura ba, masu wucewa sai yabo suke.

Na ba Baba haƙuri sau biyu. Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ki zo ranar Asabar ki tafi da shi, ya haɗa jakarsa da kansa. Maganin hawan jininsa yana aljihun gefe, ɗaya da safe bayan ya ci abinci. Idan za ku sauka matakala ki riƙe hannunsa, amma ki yi kamar ke ce kike tsoron faɗuwa.

Ki huta lafiya.

Naki,
Auta