Ƙofa a katangar da kika yaɓe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na rubuto ne in faɗa miki abin da na kasa faɗa wa masu rai.

Filin nan na bayan gidanmu a Barkin Sale babu shi yanzu. Tun da Minna ta zama babban birnin jiha ake ta awonsa, bara kuma aka cike shi da gidajen ma'aikatan gwamnati. Inda kuke shanya kuɓewa ke da mahaifiyar Ladi, maƙwabciyarmu, yau kwalta ce.

Kin tuna ranar da mai unguwa ya nuna wa Baba fuloti biyu ya ce ya zaɓa? Ɗaya a bakin fili, ɗaya a ciki. Ke kika ce a ɗauki na ciki, kada masu wucewa gona su riƙa hango mata a tsakar gida. Kika ce mu sutura muke nema. Na bakin filin sai ya zama na su Ladi.

To yau ƙofar Ladi, wadda muka tashi tare muna tsintar itace, titi take kallo. An ja mata famfo har tsakar gida. Matan ma'aikata kullum suna ƙofarta sayen doya. Ta yi sabon rufin kwano, in rana ta take ƙyallinsa har cikin ɗakina. Mu kuwa abin da ya iso mana ruwan lambatun gidajen ma'aikatan ne da damina, har rijiyarki ta gurɓace.

Inna, hassada nake yi, alhali ba ta yi mini komai ba. In ta gaishe ni, ina amsawa ina kallon rufin. Ran nan ina lazimi na ji ruwa na zuba a bokitinta, sai na manta inda na tsaya a carbi.

Da ta ji labarin rijiyar, da kanta ta zagayo. Ta ce, "Hajara, a fasa katangar tsakaninmu a yi ƙofa mana. Ruwa ne, ba ni na halicce shi ba." Na ce katangar ke kika yaɓe ta, sawun yatsunki na nan, ba zan taɓa ta ba. Ta ce gaskiyata ce, ta yi miki addu'a irin ta addininsu, ta tafi.

Wata biyu ke nan ina ɗebo ruwa daga rafi, mutane na yabona wai na riƙe amanar uwa. Ƙarya na yi da sunanki, Inna. Ba na son tsayawa da bokiti ne a gidan da nake ganin namu ya kamata ya zama. Har ke ma na ji haushinki kan zaɓin nan, kuma wannan ya fi komai damuna.

Jiya na kira magini, Asabar zai dawo ya fasa ƙofar. Na nuna masa kusurwar da ruwa ya riga ya shafe yatsunki. Zuciyar ba ta huce ba tukuna, amma gara in yi alwala da ruwan Ladi da in ci gaba da fakewa da ke.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya kuma bar wa Ladi abin da Ya ba ta. Wannan ta ƙarshen sai da na maimaita ta sau uku kafin ta daina nauyi a bakina.

'Yarki,
Hajara