Maɓallin Dogo

Zuwa ga Yayana Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya yara? Mu nan sai godiyar Allah, amma jikin Baba ba daɗi.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sake magana ba. Hannun hagu kaɗai ke motsi, shi ma rawa yake yi, ba ya riƙe biro. Idanu kuwa ras, komai yana karantawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sa na'urori magana, yau ko ruwa yake so sai mun yi ta canke. Wallahi Yaya, abin yana ci mini rai.

Shi ne na buɗe shagonsa, na ɗauko ƙaramin allon nan mai layi biyu da ɗan cip ɗin da yake sa wa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Na haɗa musu maɓallai, in ya danna rubutu ya fito. A gefen gadonsa nake rubuta umarnin a kwamfuta da asambili, yaren cip ɗin da ya koya mana da ranƙwashi.

Ka san ni da gaggawa. Na yi ta zuba lambobi tsirara: 01 na share allo, C0 na sauka layi na biyu, lambar jira kuma, wato ɗan dakatawar da allon ke buƙata, a wurare barkatai. In na gyara ta nan sai in manta can, allon ya dinga haɗiye farkon kalma. Baba ya watsa mini hararar nan tasa, ya bugi ƙarfen gado. Nan na tuna faɗansa, wai lamba marar suna baƙuwa ce, gobe ba wanda zai san me ta zo yi. Na koma saman umarnin na raɗa wa kowace suna: SHARE_ALLO, LAYI_BIYU, JIRA. Gyara ɗaya na yi, allo ya nutsu.

Haka na yi wa maɓallan: RUWA, CIWO, JUYA_NI, KIRA_MAMA, KIRA_AUTA. Naka ban sa ba, don ka san tun da ka bar masa shago ka tafi ya hana a ambace ka a gidan nan. Sai ya ɗora yatsa a kan kwamfutar, daidai gurbin da ke ƙasan sunana, ya ƙi ɗagawa. Na ce likita? Ya runtse ido. Na ce rediyo? Ya runtse. Mama ce daga bakin ƙofa ta ce, "Sa na Dogo." Ina gama rubutawa ya sauke hannunsa, ni kuma na fita waje na yi kukana.

Don Allah ka zo. Ba sai ka shirya abin faɗa ba, shi ma ba abin da zai iya ce maka.

Mama tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Saƙonka ya iso cewa sai aiki ya lafa za ka taho, na kuwa karanta masa tun yana raye. Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, ko da yake zuciyata ba ta huce ba, ba zan ɓoye maka ba.

A kwanakinsa na ƙarshe ya daina danna RUWA, ya daina danna CIWO, alhali muna ganin ciwon a fuskarsa. Naka kaɗai yake dannawa, har maɓallin ya saki na sake masa wani. Kullum ina ce masa kana hanya.

Yadda na rubuta umarnin, abin da aka danna ƙarshe shi ke zama a allo har sai an danna wani. Allon yana nan kan teburin gefen gado, kuma Mama ta hana kowa taɓawa, ko batir ta ce ba za a canza ba don kar rubutun ya goge. Haruffan sun fara dusashewa. In ka yi sauri, za ka karanta da idonka.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta