Ƙullin da Aka Ɓoye a Igiyar Injina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ni da ajami na saba rubutu, wannan ma 'yata ce take buga mini, za ku ji dalili.

Shekarar da aka cire tallafin mai na sayi injin jan dutse na hannu, mai shan fetur. Mu a fadamar Haɗeja dutse baƙo ne, tifa ke kawo shi ta juye a bakin titi, taɓo ba ya barinta ta shiga. Injin ne ke janyo manyan duwatsun har bakin kogi, mu ƙarfafa jingar da ke tare mana ruwa. Ina tattalinsa ƙwarai, in duba baƙin mai, in wanke fulogi, in warware igiyar ƙarfen in shafe ta da giris, ko sili ɗaya na ga ya tashi ba na aiki ranar.

Ina da aboki, jinga ɗaya ce ke kare gonakinmu na shinkafa. Muna samari kwalekwale ya kife da ni, shi ya kamo hannuna na dama ya fito da ni. Tun daga ranar ban taɓa ce masa a'a ba.

Bara ya ari injin. Ashe ya ɗaura masa dutsen da ya fi ƙarfinsa, igiyar ta tsinke, sai ya ƙulla ta, ya naɗe ƙullin can ciki, ya maido mini yana cewa, Malam, kayanka lafiya lau. Maganarsa ta ishe ni, ban warware ba. Ina cikin jan dutse ƙullin ya kwance, igiyar ta dawo kamar bulala, ta tafi da yatsuna uku na hannun dama. Yanzu alƙalami ba ya zama a hannuna, Alƙur'anin da nake rubutawa yana nan a rabi cikin gafaka.

Da ya zo asibiti ya ce kunya ce ta hana shi faɗa mini, kuma ƙaddara ta riga ta rubuta. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta naɗe ƙullin ba.

To ga damina ta kawo kai, jingar da saura, ni ba na iya riƙe injin, duk ƙauyen kuma shi kaɗai na koya wa. Jiya ya zo ya ce in ba shi ya ƙarasa mana. Na ɗaga masa hannun, na ce wannan ka kama ka ceto ni, ga shi ya biya ka, yau ba ka bina komai. Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Idan na hana shi, ruwa zai cinye abincin gidansa da nawa. Idan na ba shi, zan zauna ina jin ƙarar injina a hannunsa mai yatsu biyar. Jama'a, in miƙa masa, ko in bar wa kogi?